Matar da Ke Shiga Gida ta Bayan Rumbu

Allah ya ji ƙan uwar mijina, ya ba ta hutu, tunda ita ba ta bar kowa ya huta ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ban yi mata addu'a ba. Sauran abin da zan faɗa ba addu'a ba ne.

Ranar da muka binne ta, tsakar gidanmu a Zuru bai ɗauki jama'a ba, sai da aka aro bencina daga coci aka jera har bakin hanya. Na zauna ina kallon bakuna suna buɗewa suna rufewa. Fasto ya ce uwa ce mai tawali'u. Tawali'u! Matar da ta taɓa ɗaga hannu a tsakiyar wa'azinsa ta ce ya taƙaita, akwai matan da fitsari ya matsa. Ƙanen mijina ya yi ta sharɓar kuka yana cewa ba ta taɓa ɓata wa kowa ba, shi da ya yi shekara uku ba ya cin tuwonta. Malamin asibiti mai riƙe da takardun bincike ya zo cikin farar riga, ya karanta wasiƙar likita da Turanci, ya fassara, wai aikinsu ya yi babban rashi. Da kunnena na taɓa jin wannan mutum yana kiranta mayya a barandar asibiti. Sai Uwar Zumunta, shugabar matan cocinmu, ta miƙe da ɗaurin ɗankwalinta ya kai rumfa, ta ja waƙa, mata suka amsa, ta rufe da cewa marigayiya mai rufin asiri ce. Nan na tashi na shige kicin, don in na ƙara minti ɗaya zan yi dariya a gaban gawa.

Ni ce matar babban ɗanta. Shekara goma sha shida na yi a ƙarƙashin idonta da hancinta, kuma ba na ƙaunarta. Amma na ga take-taken mutanen nan. Kafin shekara ta zagayo za su mayar da ita wata tsohuwa mai laushin baki da ba ta taɓa rayuwa ba, ta ainihin kuwa ta ɓace. Gara maƙiyiyarta ta faɗi yadda take.

Gajera ce, baƙa, mai ƙashin aiki. Mijinta soja ne, ya rasu tun 'ya'yan suna ƙanana, ita kuwa ta shekara talatin tana wanki da goge-goge a ɗakin mata na asibiti har aka sallame ta. Ba ta yi makarantar jinya ba. Karatunta bai wuce haɗa baƙi da ƙyar ba, in tana rubutu har harshe take fitarwa. Amma tana da hanci. In mace ta wuce ta gabanta, za ta gaya maka ko jego take, ko ciwon sanyi ne, ko kuma abin nan da ba a son faɗa. Goro ba ya rabuwa da kumatunta, gaisuwa kuwa ba ta dame ta ba. Kana cikin "ina kwana" ta riga ta shiga maganar da ta kawo ta.

Abin da ba a son faɗa ya same ni a haihuwata ta huɗu. Na je ganin iyayena a ƙauyenmu da ke kan dutse wajen Ribah, naƙuda ta riske ni a can tsakiyar damina, rafi ya cika, babu babur ɗin da zai ƙetare. Kwana biyu ina abu ɗaya. Da aka kai ni asibiti an ciro yaron ba rai, namiji. Bayan mako guda na tashi na ga katifa sharkaf, fitsari yana zuba ba tare da na sani ba, kuma bai tsaya ba. Maigidana soja ne kamar ubansa, a lokacin an tura su aiki ƙasar waje. Daga ni sai yara sai tsohuwa.

Ban gaya mata ba, ba ta kuma tambaya ba. Wata safiya kawai ta ce in ɗaura zane, an ce wasu likitoci sun zo daga babban asibiti suna ɗinka masu yoyon fitsari kyauta. Aka yi mini aiki. Na yi mako biyu da robar fitsari a jikina ina ɗirkar ruwa kamar raƙumi. Ranar sallama aka ɗura mini wani shuɗin ruwa ta robar, likita ya duba, ko ɗigo bai ɓullo ta inda aka ɗinke ba. Ya ce ramin ya rufe. Na yi kuka na kama ƙafarsa.

Ramin kuwa ya rufe, ba ƙarya ya yi ba. In ina kwance a bushe nake. Amma da na dawo gida na ɗauki tulu, na ji ɗumi yana bin cinyata. In na yi tari, ya zubo. In na taka da sauri, ya zubo. Na ce wa kaina ai sauran ciwo ne, zai wuce.

A nan na yi wautar da duk 'yar cocinmu za ta yi. A wurinmu wanda Allah ya tashe shi daga ciwo ba ya zama shiru, sai ya fito godiya. Lahadi ta uku na sa sabon anko, na cusa tsumma ninki huɗu, na ɗauki kwaryar dawa da zakara, matan zumunta suka rako ni da rawa har gaban bagadi. Na riƙe lasifika na ce Ubangiji ya warkar da ni sarai. Aka yi guɗa. Uwar Zumunta ta rungume ni. Ina rawa ina jin tsumman yana nauyi. Daga ranar na ɗaure kaina, don wadda ta tsaya gaban Allah da jama'a ta ce ta warke ba ta da bakin cewa da saura. Makwabtanmu Musulmi ma haka, in an yi sadakar samun lafiya an raba waina, magana ta ƙare. Wa zai koma ya ce a dawo da waina?

Likitan nan ba ɗinki kawai ya zo yi ba, yana bincike. Yana so ya san yadda matan da ya yi wa aiki suke ƙarewa bayan wata uku, wata shida, shekara: wa ta warke, wa ɗinkinta ya warware, wa ta samu wata matsalar. Sai aka nemi wadda ta san ƙauyuka, tana jin yarenmu, mata ba za su ji kunyarta ba. Wani ya nuna uwar mijina. Allah ya isa tsakanina da wanda ya nuna ta.

Aka ba ta takardu, kowace da gida biyu: ta warke, ba ta warke ba. Aikinta ta je ta tambaya ta sa alama. Ita kuwa ba ta yarda da tambaya ba. Takan ce, "Baki na godiya, zane na faɗin gaskiya." In kabu-kabu ya sauke ta a ƙauye, ko wajen Wasagu ne ko Sakaba, ba ta bin ƙofar gida kamar 'yar mutunci. Sai ta zagaya ta bayan rumbu, inda mace ke ɓoye shanyar da ba ta son a gani. In ta ga tsummoki jere a kan kara, ta ɗaga ta shinshina, sannan ta ɓullo tsakar gida ba sallama. Sai ta fito da kwanon shanta ta cika da ruwa ta miƙa wa matar, ta shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan tabarma ta ce zauna. Ta ja ta da hira sa'a guda, ta ba ta dariya, ta sa ta ɗaga turmi. Daga nan ta ce tashi, ta duba ƙyallen. Ta ce macen da ke ƙin shan ruwa a gidan mutane, tana zama bakin tabarma kusa da ƙofa, ta zuba turare kamar amarya, ba sai an tambaye ta ba.

An zage ta. An sakar mata kare. Wani mai gida ya biyo ta da fartanya. Ba ta fasa ba. Kuma da ta ga gida biyun nan ba su ishe ta ba, sai ta riƙa juya takardar tana rubutu a baya da wannan rubutu nata mai kama da sawun kaza: ta rufe amma tana jiƙa in ta tashi. Ta rufe amma ba ta iya kwana da miji don zafi. Ta rufe amma al'ada ba ta dawo ba.

Wannan ne ya haɗa ta da malamin takardu. Shi hanyarsa mai sauƙi ce. Lokacin wayar hannu ta fara shigowa, sai ya kira mijin mace ko ya tare shi ranar kasuwa ya ce yaya mai jiki, mijin ya ce ta warke mun gode, ya sa alama. Ina zaune a barandar asibiti ranar da ya watsa mata takardunta.

"Mama, wa ya sa ki wanga rubutu? Gida biyu anka ba ki. Kina ɓata wa likita aiki, shi da za shi karanta sakamako gaban manyan likitoci."

Ta tofar da goro. "Likita ɗinki ya zo yi ko suna?"

"Matan da bakinsu sunka ce sun warke!"

"Kai ka wanke zanensu?"

Da ta juya ya ce mayya, mai bin warin mutane. Ta ji shi sarai. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Duk wannan ina gani, ina kuma shanya tsummokina a bayan rumbunmu, wai ni mai wayo. Na ɗauka tsakanin suruka da matar ɗa akwai kunyar da ko ita ba za ta ƙetare ba. Wata biyar ba ta ce mini uffan ba. Ana gobe za mu koma ganin likita na wata shida, ina tankaɗe da la'asar, sai ga ta ta ɓullo ta bayan rumbu da kwano cike da ruwa. Ta ajiye a gabana.

Na durƙusa. Ban taɓa durƙusa mata irin wannan ba ko ranar da aka kawo ni gidan. Na ce, "Mama, ki rufa mini asiri. Na yi godiya gaban coci. Ɗanki na hanya. Ki bar kaza cikin gashinta, ni na iya da kayana."

Ta ce, "Ɗiyan wasu na rubuta. Ke ɗiyar wa ce?"

Na ce, "Ni taki ce."

"To shi ya sa."

Ta ɗauki kwanonta ta tafi. Na ɗauka ta ji tausayi, tunda ba ta shimfiɗa ƙyallen ba.

Washegari muna jere a benci, mata sun kai ashirin, uku daga cocinmu. Ɗakin likita labule ne kawai ya raba shi da baranda. Uwar mijina ce tafinta. Da aka kira ni likita ya yi murmushi ya ce yaya jiki, na ce na warke, na gode wa Allah na gode masa. Ya ɗaga biro. Sai ta buɗe jakarta ta zazzage tsummokina a kan teburinsa, a kan takardunsa, guda bakwai, wasu ba su gama bushewa ba. Ta ce da ƙarfi, da Hausa, yadda na waje za su ji, "Ƙarya takai. Matar ɗana ce, gidanmu ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ban san yadda na fito ba. Na dai tuna idanun matan bencin, da yadda ɗaya ta ja zanenta gefe da na wuce.

Wannan ne ban yafe ba, kuma kada fasto ya ɓata bakinsa. Tana iya jan likita gefe. Tana iya faɗa da Turancinta na asibiti. Tana iya rubutawa a bayan takarda kamar na kowa. Ta zaɓi ta tsiraita ni. Daga baya wata ta ce mini wai dabara ce: likita ya fara gajiya da rubutunta, malamin takardu ya kusa sa a kore ta, sai ta nuna musu ko nata gidan ba ta bari ba. An ce bayan fitata mata da dama a bencin sun canja magana da aka kira su. Madalla. Sai dai ba ta tambaye ni ko ina son a yi wa'azi da ni ba.

Kafin Lahadi labari ya gama gari. Na shiga coci na zauna, matar da ke kusa da ni ta tashi. A taron mata Uwar Zumunta ta yi doguwar koyarwa a kan masu yi wa Ruhu ƙarya, ba ta kira suna ba, ta dai riƙa kallon inda nake. Ta ƙare da cewa zakaran ƙarya ba ya hawa bagadi. Aka cire ni daga masu waƙa. Shekara biyu ban ƙara taka cocin ba, kuma wata takwas ban yi wa tsohuwa magana ba, muna gida ɗaya. In na dafa sai in aje mata a bakin ƙofa kamar na kare. Ta cinye ta wanke kwanon ta aje.

Gaskiya ɗaya zan ba likita: bai yi fushin da na zata ba. Ya karɓi takardunta ya juya bayansu ya karanta duka. Ya sa aka buga sababbi masu gida uku, aka sake kiran mata. Ya yi mana bayani cewa rufe rami daban, bakin mafitsara ya riƙe daban, kuma akwai aiki na biyu da ake yi wa irinmu, amma ba ya yi wa wadda takarda ta ce ta warke. Malamin takardu ya yi wata guda fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Aikin na biyu a babban asibiti aka yi, tafiyar yini. Ban ce ta biyo ni ba, ta biyo. Mako uku tana kwana a kan kwali ƙarƙashin gadona, tana zubar da fitsarin roba, tana tsaye a kaina da kwano: "Sha." In na juya kai ta zagayo: "Sha, ba don ni ba." Ba mu yi wata hira ba bayan wannan. Maigidana ne ya gaya mini, shekaru bayan haka, abin da ta tare shi da shi ranar da ya dawo, tun bai aje jaka ba. Ta ce, "Ɗanka ya yaga ta. In warin ya dame ka, bariki na nan, ka koma. Ita gidanta ne." Ya faɗa mini yana jira in yi kuka. Na ce na ji, ka miƙo gishiri.

Na samu sauƙi. Ina ɗaukar tulu, ina zuwa kasuwa, ina shan ruwa a gidan biki. Sai in mura ta kama ni da tari mai ƙarfi nake ɗan jiƙa. Da shekara ta cika ta shimfiɗa mini farin ƙyallen kamar baƙuwa, ta sa ni tari, ta duba, ta rubuta wannan ɗin ma. Na ce, "Mama, ko ɗigo ba ki bari?" Ta ce, "Wata macen na bayanki."

Da ɓarin jikinta ya shanye, ita ma ta daina riƙe fitsari. 'Ya'yanta mata suna gidajen aure, wanki ya faɗo kaina. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ɗaura igiya a tsakiyar gida, daidai inda masu zuwa dubiya ke zama, na jera tsummokinta a kai. Ina so ta ji abin da na ji. Aka fito da ita shan iska, ta ɗaga ido ta ga shanyar, ta dube ni da karkataccen bakinta. Sai kafaɗarta ta fara rawa. Dariya take. Ta ce, da ƙyar ake ji, "Sai yanzu kinka yi hankali." Ko ramuwar ma ba ta bar ni na ci da daɗi ba.

To ranar binnewa, ina kicin ina hucin ƙaryar rufin asiri, aka ce a fito da kunu. Na ɗauki bokiti ina bi ina zubawa. Matan ƙauyuka sun zo da yawa, wasu ban san su ba, daga cikinsu har da matar mai fartanya. Ba su yi jawabi ba. Sun dai miƙo kofi, sun shanye, sun miƙo a ƙara, ana rana tsaka a gidan mutane.

Da na iso kan Uwar Zumunta ta ɗaga hannu ta ce ta ƙoshi. Matar da ta yi sa'a biyu tana waƙa cikin rana. Na duba na ga ba ta zauna a kujerar da aka aje mata a gaba ba, tana bakin tabarma kusa da ƙofar fita. Zane biyu ta ɗaura, duka masu duhu. Turarenta ya kusa ture ni. A ƙarƙashin turaren kuwa akwai abin da na sani kamar sunana. Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, tana yawan faɗa da alfahari.

Allah ya gani, bakina ya cika. Ga matan zumunta jere, ga fasto, ga malamin takardu da farar rigarsa. Kalma biyar sun isa. Shekara nawa ina jiran rana irin wannan. Na tsaya da bokiti a hannu har wata ta ce lafiya?

Na cika kofi har baki na durƙusa kamar mai ladabi, na kai bakina kunnenta.

"Uwa, likita na zuwa Laraba. Takardarsu gida uku gare ta yanzu. Ki zo da sassafe, ni zan raka ki, ba wanda zai ji. In ba ki zo ba, Alhamis ina bayan rumbunki."

Ta dube ni da ƙiyayyar da na sani, don na shekara ina kallon wata da irinta. Ta ce ta cikin haƙora, "Ashe mayyar ba ta mutu ba."

Na ce, "Sha."

Ta karɓi kofin.